HUKUNCIN DA BA A YANKE SHI A KOTU

Da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne, kuma idan aka ba da hutun damina mukan tarar da gida ana tsakiyar noma. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gayya. Mai gona yakan sanar da samarin gari tun ana saura kwana biyu ko uku, matan gidansa su dama kunu ko fura, a wasu wurare har a kira masu gangar noma. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako guda yana fama da ita, sai a nome ta kafin la'asar. Ba a biyan kowa ko kwabo. To, me ke sa saurayi ya bar gonarsa ya tafi ta wani?

Amsar tana ga mutumin da ya ƙi zuwa. Mai unguwa ba zai aika a kamo shi ba, alƙali ba zai ci shi tara ba. Washegari ma za a gaisa da shi kamar ba abin da ya faru. Sai ranar da ya kira tasa gayyar. Wannan ya ce kansa na ciwo, wancan ya ce ya tafi cin kasuwa, kunu ya huce a ƙwarya. Ciyawa kuwa ba ta jira a sasanta. Idan noman fari ya wuce lokacinsa gero ya shaƙe, kuma rumbun da bai cika da kaka ba, 'ya'yan gidan ne za su ji a jikinsu kafin sabon hatsi ya nuna. Yau gayya ta ragu ƙwarai, domin 'yan ƙwadago da maganin feshi sun karɓe aikinta a wurare da dama, amma irin wannan hukunci bai tafi ko'ina ba.

Iyayenmu mata sun fi kowa saninsa, ta wajen biki. A cikin littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, an nuna yadda mace ke kai wa abokiyar bikinta gudummawa ranar suna ko aure, ita kuma idan nata ya zo a ninka mata. Kowace tana riƙe da lissafin a ka. Wadda ta ci na mutane ta ƙi ramawa, ranar auren 'yarta za ta ga tsakar gida fayau, tabarmi shimfiɗe ba masu zama. Kafin nan ta sha habaici a bakin rijiya, ba a kama sunanta ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Abin da ya fi ciwo shi ne hukuncin ba ya tsayawa kan mai laifi. Idan ɗansa ya je neman aure, dangin yarinya za su yi bincike, wani dattijo ya ce, “Ai gidan nan ba sa shiga mutane.” Magana ta ƙare ke nan. Mu ma a nan makaranta ba baƙi ba ne ga wannan. Ɗalibin da kullum yake zamewa ranar sharar ɗakin kwana, ko mai kulle garinsa da sukari a akwati yana cin na wasu, ba sai an kai ƙararsa wurin malami ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi zai ga wanda zai karɓo masa abinci.

Sai dai wannan bulala ba ta da ido. Yadda take dukan malalaci da marowaci, haka take dukan wanda ya ƙi bin al'ada don ya ga zalunci a cikinta. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta tashi a Zariya, ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano tana yarinya, a zamanin da ake ganin rashin kunya ne mace ta tsaya gaban maza ta yi jawabi. Ta yi ta magana a kan aurar da ƙananan yara, da hana mata ilimi, da hana su jefa ƙuri'a. An zage ta, 'yan banga sun doke ta, an kore ta daga Kano, kuma an ɗaure ta har sau 16. A ganinmu bambancinta da mai ƙin gayya a fili yake: shi ya ƙi ne don ya huta a bar wa wasu wahala, ita kuwa ta ɗauki wahalar ne a kanta don wasu su huta. Amma a lokacin mutane ƙalilan ne suka tsaya suka bambance.

Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, shekaru bayan 'yan'uwansu na Kudu. Hajiya Gambo ta ga wannan rana da idonta. Ta rasu a 2001, kuma babban asibitin da ke Ƙofar Gayan a Zariya sunanta aka sa masa.