Awon ciki da tiyo a zamanin korona

Idan likita na son ganin miki ko ciwon daji a cikin tumbi, yakan zura wani siririn tiyo mai fitila ta bakin maras lafiya. Da cutar korona ta game duniya a shekara ta 2020, wannan awo ya zama abin tsoro. Laifin ba na tiyon ba ne, domin maganin da ake wanke shi yana kashe ƙwayar cutar. Hatsarin yana cikin iska: mutum ba ya iya rufe baki, tiyo na maƙogwaronsa, yana tari yana kakarin amai, likita kuwa na tsaye dab da fuskarsa.

Saboda haka asibitoci, tun daga na arewacin Italiya inda cutar ta fara tsananta a Turai, suka ɗage awon da ba na gaggawa ba. Mai aman jini kam ba a sa shi jira ba. Aka riƙa auna zafin jikin kowa a ƙofa, ma'aikata suka sa takunkumi mai kauri, da gilashin ido, da safar hannu biyu-biyu.

Ɗagewar ta kare ma'aikata, amma wasu daga cikin masu jira sai a makare aka gano dajinsu.