Sai Masu Gida: ka tuna fargabar 2022?

Idan ƙungiyarka ta taɓa kwana a ƙasan teburi, ka san yadda abin yake. Wasanku ma bai ishe ka ba, sai ka koma bibiyar wasan wasu a waya kana addu'ar a lallasa su, kana lissafin maki kamar mai shirin jarrabawa.

Haka magoya bayan Kano Pillars suka yi a kakar 2021/2022. Ƙungiyar da ta ci kofin gasar Najeriya a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, wai ita ce ke neman tsira. Da yawa sun ɗauka wasa ne. Pillars fa?

Amma abin da ba ma son tunawa shi ne, da hannunmu a ciki. Ƙungiyar ta daɗe tana buga wasannin gida a Kaduna. Da aka dawo filin Sani Abacha a Afrilun 2022, sai rikici ya ɓarke a wasa da Katsina United, har aka farfasa motar baƙi. Hukunci ya biyo baya, aka mayar da wasannin gida Abuja. Ka ga masu gida ba gida kenan, a daidai lokacin da 'yan wasa suka fi buƙatar ihunmu.

Ƙarshe dai aka faɗa gasar 'yan dagaji, tare da Katsinan. Rabi'u Ali bai gudu ba, kuma a 2023 aka dawo.

To, ran da alƙalin wasa ya sake ɓata maka rai a Ƙofar Mata, me za ka yi da dutsen hannunka?