Qing Dai: Shunin Sinawa da Ke Kwantar da Gyambon Hanji, Ya Kuma Taɓa Huhu

A lardin Fujian da ke kudu maso gabashin ƙasar Sin, akwai manoman da ke yanko ganyen wani tsiro su zuba a rami, su cika ramin da ruwa, su bar shi kwanaki har ganyen ya ruɓe. Sai a tsame ganyen, a zuba farar ƙasa a ruwan, a yi ta bugunsa har kumfa shuɗiya ta taso. Ita ake kwashewa a shanya, a niƙe ta zama gari mai laushi. Duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano ya san wannan launin, domin sinadarin da ke rina turkuɗi shi ne a ciki, ko da yake tsiron nasu daban yake da babanmu. Sinawa na kiran garin Qing Dai, kuma sun fi shekara dubu suna amfani da shi a matsayin magani, a kan ciwon baki, da ƙurajen fata, da zazzaɓin yara. A 'yan shekarun nan ne ya shiga bakin likitocin ciki na duniya, saboda wata cuta da ta daɗe tana gagarar su.

Cutar kumburin hanji mai naci iri biyu ce. Akwai gyambon babban hanji, wanda likitan Ingila Samuel Wilks ya siffanta a 1859. Shi daga dubura yake farawa ya yi sama, yana cin fatar cikin hanjin. Akwai kuma cutar Crohn, da ta ci sunan Burrill Crohn na birnin New York, wanda shi da abokan aikinsa suka yi bayaninta a 1932; ita tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, kuma tana ratsa kaurin hanjin har ta ɓula shi. Dukansu biyu ba tsutsar ciki ke kawo su ba, ba kuma a ɗaukarsu daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke ruɗewa ta far wa hanjinsa. Mai ita sai ya zaga sau goma ko fiye a yini, da jini da majina, ya rame, jininsa ya yi ƙasa, ya daina tafiya mai nisa don tsoron inda zai tsuguna. Takan lafa wata da watanni, ta sake tashi. Magungunan asibiti, daga mesalazin da firednisolon zuwa allurai masu tsada irin infiliksimab, danne ta suke yi, kuma akwai marasa lafiyar da ba ɗaya da ke yi musu aiki. Irin waɗannan ne a Japan suka fara sayen Qing Dai da kansu, suna ba juna labari cewa jinin ya tsaya.

Likitocin Jami'ar Keio da ke Tokyo ba su yi watsi da labarin ba. A 2016, ƙarƙashin Makoto Naganuma, suka shirya gwaji irin wanda ake yi wa kowane sabon magani: mutum 86 masu gyambon babban hanji, aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya aka ba su ƙwaya marar magani, sauran ukun aka ba su rabin giram, giram ɗaya, ko giram biyu a kullum har mako takwas, ba tare da likita ko majiyyaci ya san wa ke shan me ba. Cikin masu shan ƙwayar banza, kusan kashi 14 cikin ɗari ne suka ji sauƙi. Cikin masu rabin giram kuwa kusan kashi 70 ne, masu giram ɗaya kashi 75, masu giram biyu kashi 81. Da aka zura na'urar leƙa hanji, aka ga gyambon da kansa ya haɗe a wajen da yawa daga cikinsu. Irin wannan tazara ba kasafai ake ganinta ba ko a magungunan da kamfanoni ke kashe wa biliyoyin daloli.

Sai dai ba a kai ƙarshen gwajin yadda aka tsara ba. A watan Disamba na shekarar aka dakatar da shi, bayan rahoto ya zo cewa wani majiyyaci, wanda ba ya cikin gwajin, ya yi wata shida yana shan Qing Dai da ya saya da kansa, ya kamu da hawan jini na jijiyoyin huhu. Ma'aikatar lafiya ta Japan ta fitar da gargaɗi. Wannan ba hawan jinin da ake aunawa a dantse ba ne. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu ne ke ƙuntata, sai ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turi har ya gaji. Alamarsa ta farko haki ne idan an hau bene ko an yi 'yar tafiya, abin da mai gyambon hanji zai ɗauka ƙarancin jini ne kawai. Daga baya an samu ƙarin mutane, akasarinsu waɗanda suka daɗe suna sha. Da yawansu sun samu sauƙi da suka daina, wasu sai da aka haɗa musu da maganin huhu. Ko a cikin gwajin kansa, mutum goma awon hantarsu ya nuna ta ɗan taɓu. A cikin masu shan garin gaba ɗaya kuma, an ga masu ciwon kai, da waɗanda wani sashen hanjinsu ya shige cikin wani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amfanin da illar daga tushe ɗaya suke. Sinadarai biyu da ke cikin garin, indigo da indirubin, suna kama wani makarɓi a cikin ƙwayoyin jiki da masana ke taƙaita sunansa da AhR. Idan aka taɓa shi a hanji, jiki na fitar da wani saƙo da ake kira IL-22, wanda ke sa fatar hanji ta yi sabon tsiro ta rufe gyambo. Amma makarɓin ba a hanji kaɗai yake ba. Yana cikin hanta, yana cikin jijiyoyin huhu, kuma shi ne dai wanda gubar dayoksin ke kamawa. Maganin da ya shiga jini ba ya tambayar wace ƙofa aka aike shi. Wannan ya sa nake ganin kalmar "ƙarin abinci" da ake liƙa wa irin wannan gari yaudara ce. Abin da zai iya ɗinke hanji cikin mako takwas magani ne mai ƙarfi, ko a kwalin kamfani yake ko a ƙullin leda.

Ba a yar da shi ba, duk da haka. A cibiyar lafiya ta Sheba da ke Isra'ila, Shomron Ben-Horin da abokansa sun haɗa Qing Dai da sinadarin kurkum a ƙwayar da ba ta narkewa sai ta isa hanji. A gwajin da suka yi a Isra'ila da Girka, wanda aka buga a 2024, kashi 43 na masu shan haɗin sun cika sharuɗɗan samun sauƙi, a kan kashi 8 na masu ƙwayar banza. Mutanen ba su da yawa, kuma an riƙa duba zuciyarsu da na'ura. Dabarar ita ce a sha Qing Dai na ɗan lokaci don kwantar da tashin cutar, sannan a ci gaba da kurkum kaɗai. Shi kurkum ɗin, tun 2006 wani gwaji a Japan ya nuna yana rage dawowar cutar idan an haɗa shi da mesalazin, ba a madadinsa ba. A kan cutar Crohn kuwa, hujjar da ake da ita ba ta taka kara ta karya ba.

Sauran haɗe-haɗen Sinawa ba su kai nan ba. Huangqin Tang, dafaffen haɗi na tsirrai huɗu da ke cikin littafin Zhang Zhongjing na wajen shekara ta 200 Miladiyya, har yau ana ba masu gudawa shi a Sin, amma yawancin gwaje-gwajensa a kan gyambon hanji ƙanana ne. Wani magani da aka tace daga tsiron Andrographis, mai lamba HMPL-004, ya ba da fata a 2013, aka dakatar da babban gwajinsa a 2014 da aka ga ba zai kai ba. Ga kuma matsalar abin da ke cikin kwalba. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke Brussels, an musanya wani tsiron Sin da wani mai kama da shi a suna, mata fiye da ɗari ƙodarsu ta lalace, wasu cutar daji ta biyo baya. A gefe guda, maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga tsiron Sin ya fito, aikin Tu Youyou da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Sai da aka tace shi, aka auna, aka gwada, sannan ya zama abin da ake rubuta wa yaro.

A nan gida akwai wani tarko tun kafin a kai ga zaɓen magani. Duk jinin da ya biyo bayan gida, basir muke ce masa. Alhali yana iya zama atuni, ko tsutsar ruwa da ta kama hanji, ko tarin fuka na hanji wanda ke kama da cutar Crohn har ya ruɗar da likita, ko ciwon daji. Ba a raba su sai da awon bayan gida, da leƙa hanji, da gutsuro tsoka a duba. Ga masu tallan kayan Sin a motoci da zaurukan WhatsApp, kwalba ɗaya ce ke maganin su duka, da sanyi da ciwon suga a kai. Lambar NAFDAC da suke nunawa a irin waɗannan kaya ba shaida ba ce cewa maganin na warkarwa. Sau da yawa a jikin kwalbar ma an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kuma kada wani ya karanta wannan ya nufi marina da kofi: ruwan baba na rini haɗe yake da toka, wani ma da sinadaran kanti masu ƙona ciki.

Wanda aka tabbatar yana da gyambon babban hanji, maganin asibiti ya gaza masa, yana da haƙƙin ya tayar da zancen Qing Dai gaban likitansa. Likitocin da ke ba da shi ba sa cire wa majiyyaci sauran magungunansa, suna awon hanta lokaci zuwa lokaci, suna ɗaukar hoton zuciya, suna taƙaita tsawon shan, kuma ba sa ba mai juna biyu ko mai ciwon zuciya da huhu. Ranar da majiyyaci ya ce numfashinsa ya fara yi masa wuya, a ranar ake tsayar da shi.