Abin da hayaƙin mota ke faɗi

A titunan da ke kewaye da Ƙaramar Kasuwa ta Yamai, manyan motoci irin su Mercedes-Benz sukan daɗe cikin cunkoso, inji yana aiki. Zafin Afrilu kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska.

Ya kai mai mota, dubi salansa kafin ka ɓarnatar da jikkuna. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya rinjayi iska. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri, ruwa ya shiga inji. In bitas na fizga, a fara duba mansa.

Kada a jinkirta gyara, domin masu talla da yaran bakin titi ke shaƙar wannan hayaƙi.