Sinan da littattafan magina: abin da aka rubuta da abin da aka bari a hannu

Ranar 9 ga Nuwamba, 1993, luguden wuta ya kayar da tsohuwar gadar birnin Mostar na ƙasar Bosniya cikin kogin Neretva. Hayruddin, almajirin Mimar Sinan, shi ne ya kammala ta a 1566. Da aka zo sake gina ta, injiniyoyi ba su da littafin da za su buɗe su ga yadda ya yi. Sai da aka tsamo duwatsunta daga ruwa, aka duba yadda aka sassaƙa su da yadda aka ɗaure su, kafin a buɗe sabuwar a 2004.

Dalilin haka yana cikin yadda maginan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka riƙe iliminsu. Sinan ya zama sarkin maginan daular wajen 1539, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1588, ƙarƙashin sarakuna uku: Sulaiman, Salim na Biyu da Murad na Uku. Da kafinta ya fara, a cikin rundunar soja, inda ya ƙware wajen gina gadoji. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna da mawaƙi Sa'i Mustafa Celebi, yana faɗa ana rubutawa. Daga nan aka sami Tezkiretul-Bunyan da Tezkiretul-Ebniye.

Wanda ya buɗe su yana neman awo da zane zai sha mamaki. Akwai tarihin rayuwa, da jerin ɗaruruwan gine-gine, da labarin jawo ruwa zuwa Santambul, da yadda aka samo manyan ginshiƙai huɗu na Masallacin Sulaimaniyya, ɗaya daga Iskandariyya, ɗaya daga Ba'alabak. Yadda ake haɗa kwaɓi kuwa, ko lissafin nauyin ƙubba, an bar wa almajiri ya koya a gindin maigidansa.

A lokacin ne kuma, a 1570, Andrea Palladio ya buga littattafansa huɗu kan gini a birnin Venice na Italiya, cike da zane da awo. Na'urar ɗab'i ta kai su Ingila da Amurka, inda waɗanda ba su taɓa ganinsa ba suka yi gini da tsarinsa. Rubutun Sinan ya tsaya a kwafin hannu.

Saboda haka masana suka koma ga gine-ginen kansu da takardun kuɗi. Littattafan lissafin aikin Sulaimaniyya, wanda aka gina daga 1550 zuwa 1557, sun ajiye sunayen ma'aikata da ladansu, kuma masanin tarihi Omer Lutfi Barkan ya wallafa su. A ciki an ga kusan rabin masu sana'ar Kiristoci ne. Bangayen kuma sun nuna dabarun. Ana haɗa farar ƙasa da dakakken jan bulo a yi kwaɓin da ake kira horasan, mai jinkirin bushewa amma mai ƙarko. Ana ɗaure dutse da dutse da ƙarfe, sannan a zuba narkakkiyar dalma a ramin, don kada ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa dutsen. Dalmar mai laushi ce, tana ba ginin ɗan sarari idan ƙasa ta motsa, abin da ke da muhimmanci a yankin da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce.

A Masallacin Salimiyya na Edirne, wanda aka gama wajen 1575, Sinan ya ɗora ƙubba mai faɗin fiye da mita 31 a kan ginshiƙai takwas. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 2011.

Littafin da ya fi kusa da na sana'a ya zo bayansa. Wajen 1614 Ja'afar Efendi ya rubuta Risale-i Mimariyye kan Mehmed Aga, wanda ya gina Masallacin Sultan Ahmed, ya haɗa da ƙamus na kalmomin gini da awo cikin Larabci da Farisanci da Turkanci.