Amlodifin: Maganin Hawan Jini

Wataƙila an taɓa aikenka kemis ka sayo wa kakarka maganin hawan jini. Idan ka duba kwalin, sau da yawa sunan da za ka gani shi ne Amlodipine, wato amlodifin. Likitoci suna rubuta shi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Titin Ashaka a Gombe, suna kuma rubuta shi a ƙananan asibitocin unguwa.

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda famfo yake tura ruwa cikin tiyo. Idan ka matse tiyo, ƙarfin ruwan zai ƙaru. Haka jijiya take idan ta tsuke. Duk wanda awonsa yake yawan kaiwa 140/90 ko ya wuce, ana cewa yana da hawan jini. Aikin amlodifin shi ne ya sassauta bangon jijiya, ta buɗe, jini ya wuce cikin sauƙi. Ana shan ƙwaya ɗaya a rana, mai miligiram 5 ko 10, gwargwadon yadda likita ya rubuta.

To, ga inda gizo yake saƙa. Wannan magani ba ya warkar da hawan jini, danne shi kawai yake yi. Da yawa daga cikin dattawanmu, da zarar sun ji garau, sai su ajiye kwalin su ce sun warke. Wannan ganganci ne. Hawan jini yakan yi shekaru ba tare da wata alama ba, alhali yana lalata zuciya da ƙoda. Wani ma ba ya sanin jininsa ya sake hawa sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Saboda haka, idan ka ga ƙwayoyin kakarka sun kusa ƙarewa, faɗa wa manya tun da wuri.

Wasu sukan sami kumburin ƙafa, ko ciwon kai, ko jiri. A sanar da likita, kada a daina sha da ka. Wanda ya manta bai sha jiya ba, kada ya haɗa biyu yau. A watan azumi kuwa, a tambayi likita ko da sahur za a sha ko bayan buɗe-baki.

Kafin ka biya kuɗi, duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, da ranar da maganin zai daina aiki.