Tsohon keke ba mutuwa ya yi ba, giris ne ya bushe

Duk ranar Lahadin farko ta watan Oktoba, wani ƙauye mai suna Gaiole a yankin Tuskani na ƙasar Italiya kan cika maƙil da mahaya keke. Taron, wanda ake kira L'Eroica, wani ɗan yankin mai suna Giancarlo Brocci ne ya fara shi a 1997 da mutum 92 kacal, amma yau dubbai ke tururuwa daga ƙasashe daban-daban. Sharaɗin shiga shi ne keken ya zama na tsere wanda aka ƙera daga 1987 zuwa baya, ko aƙalla wanda aka yi a kan wancan tsohon salo: jikinsa na ƙarfe, madannin canza giya a jikin sandar ƙasa, wayoyin birki a waje sun yi baka a saman ƙaho, feda mai maɗauri. A kan irin waɗannan kekuna ake bin hanyoyin farar tsakuwa, masu ƙarfin hali har kilomita 209 a yini guda.

Ba Italiyawa kaɗai ke da wannan sha'awa ba. A Ingila akwai ƙungiyar Veteran-Cycle Club tun 1955. A Indonesiya kuwa ƙungiyoyin masu tsofaffin kekuna irin na zamanin mulkin Holan kan fito a jere, wasu har da tufafin wancan lokaci. Mutum zai kwashe watanni yana neman fitila ko ƙararrawar da ta dace da shekarar kekensa.

Wanda ya taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi zai ji abin wani banbaraƙwai. A wajenmu baƙin keke mai birkin sanda ba abin ado ba ne. Shi ya ɗauki buhun masara da damin itace, shi ya kai malamin makaranta aji da masinja ofis, a kansa yara suka koyi hawa da kwabban haya suna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda. Sarkinsu duka Raleigh, wanda aka fara ƙerawa a wani ƙaramin shago a birnin Nottingham a 1885, kafin Frank Bowden ya saye shagon ya mayar da shi babbar masana'anta. Kan zalɓen da ke gaban keken daga tambarin gidan Bowden aka ɗauko shi. Kamfanin ya yi kasuwa a Afirka ta Yamma, inda tallarsa ke nuna mahayi yana tsere wa zaki, har ta kai ya kafa masana'anta a Kano. A 2002 aka daina ƙera Raleigh a Nottingham. A nan gida kuma, da babura masu araha suka shigo, sai aka jingine kekunan a zaure da bayan rumbu, daga nan 'yan gwangwan suka riƙa ɗora su a sikeli suna biya da kilo.

Ba ina cewa duk tsohon keke dukiya ba ne. An ƙera miliyoyinsu, kuma mafi yawa ba za su sa kowa ya yi arziki ba. Darajarsu a wani wuri take: an yi su ne don a kwance, a wanke, a mayar. Babu abin da aka liƙe da gam ko aka rufe cikin roba yadda sai dai a jefar. Shi ya sa keken da ya shekara talatin a jingine, galibi abin da ke damunsa bai wuce busasshen giris da ruɓaɓɓiyar taya ba. Wanda ya fi yi masa illa kuwa ba tsatsa ba ce, mai shi ne idan ya tashi gyara da gaggawa.

Mai wannan sha'awa yakan fara da tambayar shekarun keken. Idan yana da giya uku a cikin cibiyar tayar baya, aikin ya zo da sauƙi. Kamfanin Sturmey-Archer, wanda ya yi rajistar wannan fasaha a 1902, ya riƙa buga shekara da wata a jikin cibiyar. A goge dattin da tsumma da kananzir, sai a ga lambobi irin su 74 da 6, wato Yunin 1974. Sai dai a tuna ana iya canza taya a rayuwar keke, don haka ana haɗawa da lambar da ke jikin firam ɗin.

Daga nan sai kwancewa, inda ake yawan yin ɓarna. Fedar hagu a kowane keke tiredinta a juye yake: ta inda ake ɗaure sauran noti, ta nan ita take kwancewa. Haka murfin dama na gidan boris ɗin feda a kekunan Ingila, amma a tsofaffin kekunan Faransa da na Italiya ba a juye yake ba. Raleigh na Nottingham kuma ya ƙara da tasa rigimar, domin tiredinsa a gidan boris ɗin feda da na wuya layi 26 ne a kowane inci, alhali sauran kamfanonin Ingila 24 suke yi. Da ido ba za ka bambance ba. Sabon murfin zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Wanda bai sani ba sai ya sa wa sufana bututu ya danna da ƙarfi, shi ke nan ya kashe tiredin da ya fi shi shekaru.

Akwai kuma 'yar ƙusar nan mai noti da ke riƙe hannun feda. Sau da yawa za ka ga an cire notin gaba ɗaya, an ɗaga guduma an hau dukanta. Kan ƙusar ya baje, ta lanƙwashe a ciki, kowane bugu kuma yana sauka a kan ƙwayoyin boris yana yi wa mazauninsu rami. Masu haƙuri kan ɗiga mai su bar shi ya kwana, su sassauta notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, su tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa domin nauyin bugun ya tafi ƙasa, sannan su ba ta duka ɗaya mai kyau. Kaurin ƙusar milimita 9.5 ne a kekunan Ingila, 9 a yawancin na Faransa. Wajen mayarwa, idan kan ɗaya na kallon sama, na ɗayar ya kalli ƙasa, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba, mahayi ya riƙa jin kamar yana ɗingishi. A cikin gidan boris ɗin feda za a tarar da ƙwayoyi 11 a kowane gefe, masu kaurin rubu'in inci. A zubar da su a sa sababbi, ba su da tsada. A cika giris, a ɗaure yadda babu girgiza kuma babu cijewa.

Tsatsar da ke kan ƙaho da rim ba ta son samfefa, domin tana kankare sheƙin ne tare da tsatsar. Takardar alminiyam ta naɗe abinci, a dunƙule a tsoma a ruwa, ta fi aiki. Ƙananan noti da kusoshi kuma a jiƙa su a ruwan kal su kwana, a wanke, a shafa mai.

Maganar fenti ce ta raba masu wannan harka gida biyu. Wasu sai sun kankare komai sun mayar da keken fil kamar yau ya fito daga kwali. Wasu kuma wankewa kawai suke yi su goge da man sheƙi, su bar duk wani tabo a inda yake. Ni ina tare da na biyun, muddin fentin asali na nan ko da rabi ne. Baƙin fentin nan da aka gasa a masana'anta, da siraran layukan ruwan zinare da aka ja a jikinsa, sau ɗaya ake samunsu. Inda sanda ta koɗe saboda gogar riga, ko kariya ta lotsa saboda igiyar kaya, wannan labarin mai keken ne. Abin takaici shi ne a miƙa shi ga mai fenti ya feshe shi har noti har tambari, zalɓen ma ba a gane shi. Amma idan tsatsa ta riga ta cinye fentin tana neman huda ƙarfe, to ba sauran gardama, a kankare a sake.

Walda ta fi fenti haɗari. Ba narka bututun tsohon keke aka yi aka haɗa ba. Zura su aka yi cikin 'yan hannayen ƙarfe a kowace gaɓa, aka narka tagulla ta bi siririn tsakanin ta cike shi. A kekunan tsere masu bututun Reynolds 531, wanda aka fito da shi a 1935 daga ƙarfe mai gaurayen manganis da molibdinam, kaurin bangon bututun a tsakiya bai kai milimita ɗaya ba. Waldar lantarki ta ƙofa da taga huda shi za ta yi, ko ta bar wurin da rauni ya karye wata rana ana cikin gudu. Firam ɗin da ya tsage, mai waldar gas da sandar tagulla ake kai wa, wanda zai iya zare bututun da ya lalace ya sa wani.

Sirdin fata ma yana da nasa ladabi. Kamfanin Brooks, wanda ya faro a Birmingham a 1866, har gobe yana yin samfurin B17 da ya fito da shi tun ƙarshen ƙarni na 19. Fatar a miƙe take tsakanin hanci da bayan sirdin, da noti a ƙarƙashin hanci na ƙara mata tauri. A juya shi kaɗan-kaɗan, don tsohuwar fata ba ta jure ja. Baƙin mai kuwa kashe ta yake yi. Idan ta riga ta tsage, ƙarfen na nan, kuma a ganina wannan aiki ne da dukawanmu za su iya: ƙirgi mai kauri, a jiƙa shi a ɗora a kan tsari ya bushe, a kafe da kusoshin jan ƙarfe. Jimar bagaruwa da majemanmu ke yi jima ce ta tsirrai, irin wadda ake so a sirdi.

Ɗaya ɓangaren sha'awar shi ne na waɗanda ba ruwansu da asali, su dai su haɗa keken da babu irinsa. Kada a raina su. A shekarun 1970, wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, cikinsu akwai Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940 masu faffaɗar taya, suna ƙara musu giya da birki mai ƙarfi suna gangaro duwatsu da su. A 1976 suka fara tseren gangara mai suna Repack, a kan hanyar da tsananin taka birki ke ƙone giris ɗin cibiyar baya har sai an sake cikawa. Daga wannan wasa aka samu keken hawan dutse, irin wanda yau ya cika rumfunan gwanjo.

Mai son haɗa nasa a nan, waɗannan na gwanjon masu jikin ƙarfe na shekarun 1990 su ne tushe mai kyau. Ƙarfe yana yarda a ɗan buɗa ƙafafunsa na baya don cibiya mai faɗi ta shiga, alminiyam kuwa tsagewa yake yi. Tarkon da ke gaba shi ne girman taya. Abin da ake kira 28 iri biyu ne: na baƙin keke rim ɗinsa milimita 635, na kekunan Turai na zamani 622. Mai lamba 27 kuma 630 ne, wato ya fi wani 28 ɗin girma. Haka 26 na keken dutse 559 ne, na tsofaffin kekunan Ingila masu giya uku 590. Don haka a duba ƙananan lambobin da ke gefen taya, irin su 40-635, a ƙyale babban rubutun. Rim na ƙarfe ba ya kama birki sosai idan ya jiƙe da damina, shi ya sa masu haɗin zamani ke komawa na alminiyam. Sai dai birkin sanda daga cikin rim yake ja sama, ba daga gefe yake matsewa ba, saboda haka wanda ya canza rim galibi sai ya canza birki gaba ɗaya.

Ta fuskar kayan gyara, mun fi mai wannan sha'awa a London sa'a. Kamfanonin Ludhiana a Indiya irin su Hero, wanda aka kafa a 1956, da Avon, da na Sin irin su Phoenix da Flying Pigeon, sun ci gaba da yin keke a kan tsohon tsarin Ingila. Takalmin birkin sanda da taya mai lamba 635 da ƙusar feda, waɗanda Bature ke oda yana jira, ana samunsu a rumfar masu kayan keke a kasuwanninmu. Ingancinsu dai hawa-hawa ne, kuma ba kowanne ke shiga tsohon Raleigh ba. Duk abin da aka sayo a fara murza shi da yatsu. Idan ya cije kafin ya yi nisa, a tsaya, kada a ɗauko sufana. Tsohon da aka cire kuma a wanke shi a ajiye a gwangwani da ɗan mai, domin sau da yawa shi ake komawa a mayar.